Manhaja ta shigo asibitin haƙori: ina makomar Anti mai yankar kati?

Idan ciwon haƙori ya taɓa hana ka barci har ka wayi gari a asibiti da kumburarren kunci, to ka san wanda ke fara karɓarka. Kafin ka ga likita sai ka bi ta wurin mai yankar kati. Sau da yawa mace ce da ta daɗe a wurin, kowa Anti yake ce mata. Ka ce katinka ya ɓata, ta ɗan harare ka, ta tambayi sunanka da unguwarku, ta shiga ɗakin fayil, minti biyu ta fito da naka. Yadda ta yi, ita kaɗai ta sani.

Yanzu irin waɗannan asibitoci, musamman masu zaman kansu a manyan birane, sun fara ajiye takarda suna komawa manhaja. Mai asibiti ya je wani taro ya gani ya yaba, ko wani ɗan kamfani ya zo da laftof ya nuna masa yadda komai zai koma cikin kwamfuta: sunayen marasa lafiya, ranar dawowa, hoton haƙori, kuɗin da aka biya da wanda ake bi. Ya biya kuɗi, aka ɗora. To wa ake kira ya kula da ita? Kai. Ɗan bautar ƙasa, ɗalibar da ta zo sanin makamar aiki, ƙanin likita da a gida ake cewa "ai ya iya kwamfuta". Shi ya sa maganar nan ta shafe ka ko da haƙoranka 32 lafiyarsu ƙalau. Irin aikin da matasa ke fara samu ke nan yanzu, kuma wahalarsa ba a cikin kwamfutar take ba. Tana wurin mutanen da za ka tarar sun yi shekara goma ko ashirin suna aiki da biro.

A ƙasashen da suka riga mu, wannan kasuwa ce babba. A Amurka akwai Dentrix na kamfanin Henry Schein, da Eaglesoft na Patterson, da Open Dental. A Birtaniya akwai irin su Dentally, wadda ke ajiye bayanai a intanet maimakon a kwamfutar asibiti. Duk aikinsu kusan ɗaya ne, kuma idan suka zauna daidai suna da amfani sosai. Fayil ba ya ɓata, rubutun likita da ba ya karantuwa ya zama tarihi, saƙon tes yana tuna wa mutum ranar dawowarsa ba sai an kira shi ba. Ban ga mai musun wannan ba.

Lamba 16 da ke da ma'ana biyu

Bari in ba ka misali ɗaya da zai nuna maka cewa wannan ba irin sauya waya ba ne daga Tecno zuwa Samsung.

Likitocin haƙori ba sa rubuta "mataunin sama na dama". Lamba suke ba kowane haƙori. Tsarin da aka fi amfani da shi a duniya, na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya FDI, ya raba baki gida huɗu: sama dama 1, sama hagu 2, ƙasa hagu 3, ƙasa dama 4. A kowane gida ana ƙirga haƙora daga tsakiya zuwa ƙurya, 1 zuwa 8. Ke nan 16 tana nufin gida na ɗaya, haƙori na shida, wato babban matauni na farko a sama ta dama. Amurkawa kuwa nasu daban. Suna ƙirgawa ne kai tsaye daga 1 zuwa 32, su fara daga ƙuryar sama ta dama su zagayo. A wurinsu 16 shi ne haƙorin ƙarshe can ƙurya a sama ta hagu, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma. Lamba ɗaya, haƙora biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Yanzu ka ɗauka an sayo manhajar Amurka, an bar ta a yadda ta zo, aka ɗora ka kana kwafe tsofaffin fayiloli. Ka ga 16 a takarda, ka danna 16 a kwamfuta. Kai a ganinka ka yi daidai. Manhajoji irin su Open Dental suna da wurin da ake zaɓar tsarin lambar da ake so, aikin minti ɗaya ne. Amma sai wanda ya san akwai matsalar ne zai je ya gyara. Kai ba ka sani ba. Nas ɗin da ta shekara goma sha biyar tana tsaye kusa da kujerar likita, kallo ɗaya za ta yi wa zanen bakin da ke allon ta ce maka wannan ba daidai ba ne. Sai dai idan tun ranar farko ka nuna mata cewa ita 'yar zamanin da ce, shiru za ta yi ta zuba maka ido. Haƙorin da aka cire kuwa ba ya komawa.

Akwai wani abu kuma da masu tallar manhaja ba su cika faɗa ba. Likitan haƙori hannuwansa biyu suna cikin safa, suna cikin bakin mutum. Ba zai taɓa madannai ba. Faɗa yake yi, mai taimaka masa tana rubutawa. Idan cikakken awon dasashi ake yi, wuri shida ake aunawa a jikin kowane haƙori, mai haƙora 28 ke nan lambobi 168. A takarda hannunta ya saba, tana tafiya da saurin bakin likita. A kwamfuta, makon farko, za ta riƙa cewa "Dokta ɗan dakata", mara lafiya na kwance baki buɗe, yawu na taruwa. Wanda ya sayi manhajar yana ofis. Wadda nauyinta ya faɗa wa ita ce wannan baiwar Allah, kuma galibi ba wanda ya tambayi ra'ayinta kafin a saya.

Abin da suke tsoro

Mu matasa muna da saurin yanke hukunci. Da mun ga babba yana jan ƙafa sai mu ce ƙauyanci ne ko taurin kai. Ka tuna 2015, shekarar da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya. Yara nawa ne masu ƙoƙari suka zauna gaban allo hannu na rawa, alhali sun san amsa? Wannan fa masu shekara 17 ke nan.

Tsoron ma'aikata kala-kala ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai mai tsoron kunya: ta shekara ashirin ita ake tambaya, yau ita ce za ta tambayi yaron da ta haifi kamarsa, a gaban marasa lafiya. Akwai mai tsoron kora, kuma lissafinsa ba shirme ba ne, domin idan kwamfuta za ta nemo fayil cikin daƙiƙa biyu, me zai hana a ce mutum uku sun yi yawa a ɗakin kati? Akwai mai ganin an ƙara masa aiki ba a ƙara masa ko sisi ba. Shi ma yana da hujja. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016, wanda ya bi likitoci 57 yana ƙirga yadda suke kashe lokacinsu, ya gano cewa duk awa ɗaya da suka yi da mara lafiya, suna yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Ba likitocin haƙori ba ne, amma kukan iri ɗaya ne. Atul Gawande, fitaccen likitan tiyata kuma marubuci, ya yi dogon rubutu a mujallar The New Yorker a 2018 kan dalilin da ya sa likitoci suka tsani kwamfutocinsu, bayan shi kansa an zaunar da shi horon dole na awa 16 kan sabuwar manhajar asibitinsu. Mutumin da ke koyarwa a Harvard a lokacin ke nan. Don haka idan Anti ta yi tsaki, tana da abokan tsaki manya.

Sai kuma kashi na ƙarshe, wanda ba a son faɗa. Manhaja tana rubuta wanda ya shigar da kowane abu, da wanda ya goge, da lokacin da ya yi. Idan da akwai wanda ke yi wa ɗan unguwarsu wankin haƙori a bayan fage, ko mai karɓar dubu goma ya rubuta bakwai, to kasuwarsa ta watse. Shi wannan ba zai ce maka abin da ke damunsa ba, cewa zai yi manhajar ce ba ta da kyau. Amma don Allah kada ka shiga da zaton kowa haka yake. Mafi yawa kunya ce da fargaba.

Ka ga yadda abin ke kaya manya ma. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin mayar da bayanan marasa lafiya na Ingila cikin kwamfuta. A 2011 ta sanar da wargaza shi. Kuɗin da aka ƙiyasta ya ci ya kai kusan fam biliyan 10. Cikin manyan kurakuran da aka yi ta nanatawa bayan nan akwai cewa daga sama aka tsara shi aka jefo, ba a ja likitoci da ma'aikatan da za su yi aiki da shi a jiki ba. Ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba ke nan. Asibiti mai kujera biyu a Zariya ko Maraɗi zai iya yin irin wannan kuskuren daidai ƙarfinsa.

Manoman masara da ɗakin kati

Duk wanda ya karanci aikin jarida ya ci karo da Everett Rogers da littafinsa na 1962 kan yadda sabon abu ke yaɗuwa cikin jama'a. Mukan haddace shi don jarrabawa mu manta, alhali a irin wannan wurin yake da amfani. Rogers ya kasa mutane gida biyar. Kashi 2.5 cikin ɗari su ne masu rawar kan gwada sabon abu, kashi 13.5 masu saurin karɓa, sai kashi 34 da ke biyo baya da wuri, wasu 34 da sai sun ga kowa ya shiga, sannan kashi 16 da ke zuwa a ƙarshe. Tushen tunanin ya haɗa da wani bincike na 1943 da Bryce Ryan da Neal Gross suka yi kan manoman jihar Iowa da sabon irin masara. Abin da suka gano ya burge ni: da yawa daga cikin manoman daga bakin 'yan talla suka fara jin labarin irin, amma maƙwabta ne suka sa su shuka shi. Ko da suka yarda ma, a ɗan yankin gona suka fara gwadawa.

Mayar da wannan asibiti. Kai ne ɗan talla. Za su ji daga bakinka, amma ba don kai za su yarda ba. A kowane wurin aiki akwai wanda ake kallo, kuma ba dole ne ya zama mai babban muƙami ba. Wataƙila tsohuwar nas ce da kowa ke kai wa ƙorafi, wataƙila mai karɓar kuɗi ne da ke riƙe da adashen ma'aikata. Nemo wannan mutumin. A koya masa shi kaɗai tukuna, a ɓoye idan ta kama, a bar shi ya yi kuskurensa ba mai kallo. Ranar da Anti ta nemo sunan wani a kwamfuta da hannunta ta juya ta ce wa ta kusa da ita "ashe ma ba wuya", ta gama maka rabin aiki.

Kuma a fara da ɗan yankin gona. Rajistar sababbin marasa lafiya da ranar dawowa kawai, na 'yan makonni. Idan hannu ya faɗa, a ƙara kuɗi da rasit. Zanen baki da bayanan likita su zo daga baya. Masu sayar da manhaja sun fi son a tara kowa a ɗaki ɗaya ranar Asabar, a nuna komai cikin awa uku, a ci shinkafa a watse. Litinin da safe ba mai tuna komai. Mai yankar kati ba ta da buƙatar sanin yadda ake zana ciko a haƙori, mai haɗa haƙoran roba ba ruwansa da takardun inshorar NHIA. Kowa a koya masa abin da zai taɓa, a kan kujerar da zai zauna.

Makon farko a rage yawan mutanen da ake ba lokaci. Mai asibiti zai ji zafin wannan domin kuɗi ne, amma layi ya cika, mai ciwo na nishi, sabuwar manhaja na tambayar abin da ba a gane ba, to wallahi littafin rajista za a jawo, kuma idan aka jawo shi sau ɗaya an dinga ke nan. Wani zai ce a fara da azumi, tunda mutane da yawa kan ɗage cire haƙori sai bayan Salla. Akwai hikima a ciki, sai dai ka tuna mai koyon ita ma azumin take yi, kuma ƙarfe uku na rana ba lokacin koyon sabon abu ba ne.

Inda za ka gane darajar Anti

Kwashe tsofaffin bayanai zuwa manhaja shi ne wurin da girman kai ke karyewa. Manhajar da aka ƙera a Turai ko Amurka tana zaton kowa yana da sunan iyali tsayayye, da ranar haihuwa, da lambar waya tasa shi kaɗai. Zo nan ka gani. Muhammad Sani goma sha biyu. Muhammad, Mohammed, Muhd, Moh'd, duk mutum ɗaya ne a fayil huɗu. Mace ta yi kati da sunan mahaifinta, ta dawo bayan aure da sunan miji. Dattijai rututu an rubuta musu 1 ga Janairu domin ba wanda ya riƙe ranar. Lambar waya ɗaya ta maigida ce, mata biyu da yara tara duk ita suka bayar. Idan ka haɗe fayil biyu da ba na mutum ɗaya ba, gargaɗin cewa wane jikinsa ba ya karɓar fenisilin, ko yana shan maganin tsinka jini, zai iya komawa kan wani, shi kuma mai matsalar a bar shi fayau. Wa zai ce maka wannan Muhammad Sanin na Fagge ne mai shago, wancan kuma malamin makaranta ne? Ita dai. Abin da ke kanta ba ya cikin kowace takarda, kuma a ganina ita ya kamata a ba shugabancin wannan aikin, da sunanta, da ɗan alawus, kai kana gefe kana dannawa.

Maganar kora kuwa, mai asibiti ne zai yi ta, da bakinsa, tun kafin a kunna kwamfuta. Idan ba wanda zai tafi, ya faɗa a fili. Idan aikin wani zai canza, ya faɗi zuwa me. Ayyukan suna nan: kiran waɗanda suka yi ciko ba su dawo ba, bin kuɗin inshora da ya maƙale, ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli. Idan kuma da gaske akwai wanda za a sallama, ɓoyewa ba ta hana shi sani, sai dai ta sa kowa ya ɗauka shi ne. Kai dai kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. "Ba abin da zai faru, Anti" magana ce mai daɗi, amma ba kai ke biyan albashi ba.

Wuta da sabis ba sai na tsaya ba, ka san ƙasarmu. Manhajar da ke intanet tana mutuwa da mutuwar sabis, wadda ke cikin kwamfutar asibiti tana mutuwa da mutuwar kwamfutar idan ba kwafin ajiya a wani wuri. A buga fom ɗin takarda a ajiye don irin wannan ranar, a kuma san wanda zai shigar da su idan abu ya dawo. A sa ranar da za a rufe tsohon littafin rajista, kowa ya san ta. Takarda da kwamfuta su yi tafiya tare na ɗan lokaci ba laifi, amma idan aka bar su ba iyaka, aiki ya zama biyu, kuma ba ɗaya da za a iya dogara da shi.

Sai sirri. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 doka ta bayar a sanar da hukumar NDPC. Don haka al'adar nan ta kalmar sirri ɗaya ga kowa, an rubuta ta a takarda an manna a jikin kwamfuta, dole ta ƙare. Kowa da tasa. Wannan ma kariya ce ga ma'aikacin kirki, domin ba za a ɗora masa laifin wani ba, kuma haka ya kamata ka bayyana musu. Kai ma da wayarka: hoton bakin mutane kafin aiki da bayan aiki yana jan mabiya a Instagram da TikTok, amma ba naka ba ne, sai da izinin mai bakin. Kada kuma ka ɗauki maganar kamfani kamar yankan wuƙa. A 2016 reshen Henry Schein mai sayar da Dentrix ya amince ya biya dala 250,000 don sasantawa da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, wadda ta zarge shi da tallata cewa manhajar Dentrix G5 tana kulle bayanan marasa lafiya da ƙarfin da bai kai yadda aka faɗa ba. Ka yi tambaya: ina bayanan suke zaune, wa ke iya gani, kuma idan asibiti ya bar kamfanin gobe, a wace siga za a ba shi kayansa?

Tsofaffin fayilolin kuma, bayan an gama kwashewa, za su zama kaya a ɗaki, wani zai kawo shawarar a fitar da su a samu wurin sa kujera ta uku. A nan ka buɗe ido. Takardun shaida ne, ana iya buƙatarsu idan magana ta taso, don haka a kulle su a inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Waɗanda lokacin zubar da su ya yi, a yayyanka ko a ƙona a gaban wani babba. Kada a ba masu sayen tsofaffin takardu, domin kowa ya san inda suke ƙarewa: a naɗe da ƙosai ko tsire, da sunan mutum da ciwonsa a jiki.